Ra'ayinmu: A gyara rufin shago kafin a ƙaro janareta

Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙonni, Ɗan Isa ko Gaya da tsakar rana a watan Afrilu ya san aikin rufin kwano. Kwano ya sha rana, shago ya koma tanda. Mai kaya ya kunna fanka da firji, janareta na shan mai, amma zafi na nan. Magani da ake so a ajiye ƙasa da digiri 30 ya lalace, man shafawa ya narke, ƙanƙara ta zama ruwa kafin la'asar. Wannan asara ce da ba a rubutawa a littafin ciniki.

'Yan kasuwa ba su manta da 2023 ba. A watan Mayu Najeriya ta janye tallafin man fetur, farashi ya tashi a ɓangarori biyu na iyaka. A watan Agusta kuma, bayan juyin mulkin Yamai, ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta dawo ba sai a 2024. Darasin a fili yake: wutar da ba a hannunka take ba, kada ka yi almubazzaranci da ita.

Zafi na shigowa ta hanya biyu, ta rufi da bango, sannan ta kafofi. Maganin na farko shi ne a sa silin ƙarƙashin kwano, a bar sarari tsakaninsu iska ta riƙa wucewa, a shafa wa kwanon farin fenti. Bangon ƙasa mai kauri, irin na kakanninmu, yana riƙe zafin rana har dare ya yi. Mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta nuna haka a masallacin Dandaji, wanda aka gina da tubalin ƙasa a 2018. Maganin na biyu, a toshe ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, a sauya robar ƙofar firji idan ta saki. Sanyin da aka saya da kuɗi bai kamata ya tsere ta rami ba, ƙurar hunturu ma ta tsaya waje.

Sai dai a yi hattara. Toshe kafa ba hana iska ba ne. A bar tagar da za a buɗe da dare, kuma kada a kunna janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsu na kisa ba tare da an ji warinsa ba. Kada kuma a yi silin da zana ko kwali, gobarar kasuwa ba ta da daɗi.

Muna kira ga magadan gari da shugabannin 'yan kasuwa da su sa waɗannan sharuɗɗa cikin duk sabon ginin rumfuna. Kuɗin silin sau ɗaya ake biya, na fetur kuwa kullum ne.