Takardar Haraji da Inshorar Lafiya: Kada Mu Yi Barci a Kan Haƙƙinmu

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, kakanninmu sun san darajar rasidin haraji. Mutum yakan naɗe shi cikin aljihun taguwa kamar laya, domin ranar da dogari ya tare shi a hanyar kasuwa, wannan 'yar takarda ce mai cetonsa. Mu kuwa da muka yi boko, galibinmu ba mu taɓa duba yadda ake lissafin harajin da ake yanka daga albashi ba. Wannan sakaci ne, kuma kuɗi yake ci mana.

Ga yadda al'amarin yake. Harajin albashin ma'aikaci na jihar da yake zaune ne, wato mu a nan Sakkwato hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓarsa. Dokar haraji ta 2025, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 ta farko a shekara. Ta kuma yarda a cire wasu kuɗaɗe kafin a yi lissafi, ciki har da na fansho da abin da mutum ya zuba a shirin inshorar lafiya na ƙasa. Misali, wanda ya zuba Naira 40,000 a shekara, kuma harajinsa yana matakin kashi 15 cikin 100, zai sami ragin Naira 6,000. Sai dai ragin yana bukatar a nema a rubuce, da shaida a hannu, kuma wa'adin miƙa takardar shekara shi ne 31 ga Maris. Wanda ya yi shiru, ya bar rabonsa a teburin akawu.

Wani zai ce, ai mu ɗalibai ne, ina ruwanmu? To, gobe kusa take. Wanda ke hawa bas daga Dundaye zuwa gari yau, baɗi shi ne sabon malamin makaranta mai iyali. Tun 2022 dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, alhali kuwa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa ya san yadda ake sayar da tunkiya da gona a mako guda.

A Amurka, jihar Masacusets ta bi wata hanya tun dokarta ta 2006: mazauninta yakan bayyana inshorarsa a takardar harajin jiha, wanda ke da hali bai yi ba kuma a ci shi tara. Ni ban goyi bayan a kawo mana tara ba. Ba a dukan mai jin yunwa don bai ajiye hatsi ba. Abin koyi shi ne haɗa takardun biyu wuri guda. Ya kamata hukumar haraji da hukumar SOCHEMA mai kula da asusun lafiya na jiha su fito da fom mai sauƙi, da Hausa, boko da ajami, mai layi na musamman inda ma'aikaci zai rubuta abin da ya zuba, a kuma yi masa bayani ƙarara kan wanne ake cirewa.

Mu kuma namu aikin shi ne mu adana takardar albashi da rasidi, mu tambayi akawu, mu cika fom da hannunmu. Ƙungiyar ɗalibai ta shirya lacca ga masu shirin fita kafin ƙarshen zango. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wannan rawar tamu ce. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu dace, amin.