Takalmin Damina: Ƙasar da Za A Taka Ita Ce Ma'auni

Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da damina ke kankama a ƙasar Katsina har ruwa ya kai ƙarfinsa a watan Agusta, manoman Batagarawa da makiyaya da mafarauta, haɗe da masu aikin fadama a kewayen madatsar ruwa ta Ajiwa, suna tafiyar ƙasa mai nisa a kan rairayin jigawa da taɓon fadama da tsakuwar tudu. Akasarinsu silifa ko takalmin taya suke sawa, masu ɗan hali kuma sukan nemi but na gwanjo wanda mai sayarwa ya rantse cewa ruwa ba ya shigarsa. Wannan rantsuwa ko da ta tabbata ba ta isa hujjar saye ba, domin irin ƙasar da za a taka da tsawon tafiyar su ne ya kamata su yanke hukunci.

Hanyoyi uku ake bi a hana ruwa ratsa takalmi. Ta farko ita ce a ƙera shi da roba zalla, kamar takalmin ruwa mai kaiwa ƙwauri, wanda ba shi da ɗinkin da ruwa zai bi. Ta biyu ita ce fata mai kauri da ake shafa wa mai ko kakin zuma lokaci-lokaci har ta daina shan ruwa. Ta uku kuma wata siririyar shimfiɗa ce da ake ɗinkawa tsakanin bayan takalmi da cikinsa, wadda mafi shahararta ita ce Gore-Tex, da ta samo asali daga binciken Bob Gore a Amurka a shekarar 1969. Shimfiɗar tana da ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya shiga cikinsu, amma tururin zufa yana iya fita ta cikinsu.

Sai dai tururin ba ya fita yadda ake so sai idan iskar waje ta fi cikin takalmin sanyi da bushewa, kuma wannan sharaɗi ya fi cika a duwatsun Turai fiye da gonakin Batagarawa a watan Agusta, inda zafi da laima ke haɗuwa. Haka nan duk ruwan da ya kwararo ta bakin takalmin yayin tsallaka rafi, abin da ya hana shi shiga ta gefe shi ne zai hana shi fita, ga shi kuma a but na gwanjo shimfiɗar takan riga ta tsage a wurin da yatsu ke lanƙwasawa ba tare da ido ya gani ba. Ƙafar da ta wuni a jiƙe kuwa fatarta takan yi laushi, ta yi bororo, ruwa ya ci tsakanin yatsu. Sojojin da suka kwana cikin ramuka masu ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, dubbansu ne suka kwanta jinya saboda ruɓewar ƙafa da sanyi da laima suka haddasa.

Saboda haka abin da ya kamata mai saye ya fara juyawa ya duba shi ne tafin takalmi, wato ƙasansa da ke taɓa ƙasa. Ana son roba mai haƙora masu zurfi da tazara a tsakaninsu don laka ta riƙa zubewa, mai kaurin da ƙaya da tsidau ba za su huda ba, wadda kuma aka ɗinke ta da jikin takalmin, domin wadda aka manna da gam kaɗai takan ɓalle idan ta sha ruwa da rana. Irin wannan tafi mai haƙora ɗan Italiya Vitale Bramani ya fito da shi a 1937 da sunan Vibram, bayan wasu abokan hawan dutsensa sun halaka a tsaunukan Alps a 1935.

Abu na biyu shi ne tsawo. Kububuwa da kasa sun fi yin sara a ƙafa da idon sawu, kuma damina ce lokacin da manomi ya fi cin karo da su a cikin yabanya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. Takalmin da ya rufe idon sawu ya haura yana rage wannan haɗari matuƙa, sai dai a riƙa zazzage shi kowace safiya saboda kunama.

Abu na uku shi ne dacewa da ƙafa. A gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, tare da safar da za a riƙa sawa, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, a kuma tabbatar dunduniya ba ta zamewa. Idan ya jiƙe a cire shimfiɗar cikinsa a shanya shi a inuwa mai iska, domin wuta da rana mai zafi suna busar da fata har ta tsattsage.

Bisa waɗannan dalilai, mai wuni a fadama takalmin roba ya dace da shi, tare da safa ta canji, mai doguwar tafiya a tudu da duwatsu kuma but na fata ko wanda ke saurin bushewa ya fi masa amfani. Ƙungiyoyin manoma da hukumomin da ke rabon taki da iri a farkon damina ya dace su lissafa takalmi cikin kayan noma, tun da kuɗinsa bai kai na allurar maganin dafi ba, kuma manomin da ya kwanta a lokacin noman fari ya yi asarar shekara guda.