Wa zai biya mai rubuta wa yaran Doguwa littafi?

Duk wanda ya tsaya gaban mai shimfiɗar littattafai ranar kasuwa a Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora zai ga Ahalari da Ishmawi, zai ga littattafan addu'o'i, wataƙila ma da ragowar na soyayya da rana ta ƙone wa bango. Abin da zai sha wuyar samu shi ne ɗan littafin labari mai hotuna, da Hausa, wanda yaro ɗan aji biyu zai karanta da kansa ya yi dariya. Ba marubuta aka rasa ba. Jihar Kano ta fi kowace jiha yawan masu rubutun Hausa. Mai saye aka rasa, kuma sana'ar da ba ta da mai saye ba ta riƙe mutum.

Ana yawan mantawa cewa littattafan da iyayen yau suka tashi da su ba sha'awa kaɗai ta haife su ba, aikin albashi ne. Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubutu ta 1933, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi daga aji aka kai shi Zariya, aka ba shi wuri da lokaci, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, domin 'yan makaranta. Daga nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hukuma ce ta buƙaci littafin, ita ta biya, ita ta buga, ita ta kai shi makarantu. Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966, duk a kan wannan turba suka bi. Ta haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo suka shiga hannun yara. Ibrahim Yaro Yahaya kuwa, da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littafi shida a farkon shekarun 1970, malanta ce ke ciyar da shi.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, gwamnatoci suka rage sayen littattafai, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Marubutan Kano suka nemar wa kansu mafita: su rubuta, su buga da kuɗinsu, su kai kasuwa. Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da takwarorinsu sun nuna cewa Bahaushe na sayen littafi. Amma wa ke saye? Budurwa da matar aure da saurayi, masu ɗan abin hannunsu. Yaro ɗan shekara bakwai ba shi da ko sisi, uban kuma da ke fama da kuɗin taki ba zai fifita labarin Gizo a kan littafin rubutu da fensir ba. Babu mai ganin laifinsa.

Ga tsada kuma. Littafin yara na son takarda mai kauri, manyan baƙaƙe da launi a kowane shafi, ga shi shafi ashirin da 'yan kai ne kawai, mai saye ya juya shi ya ce wannan ɗan abin ne da wannan kuɗi?

Halin mai zane ya fi na marubuci muni. A littafin ƙaramin yaro hoto ne ke ɗauke da rabin labari, domin shi yaro ke fara karantawa kafin harafi. Duk da haka, tambayi dattijon da ya haddace labaran aku da Waziri na Magana Jari Ce ko wa ya zana hotunan da ke cikin littafin, zai yi shiru. Al'adar da aka saba ita ce a biya mai zane sau ɗaya a sallame shi, ko an sake buga littafin sau goma. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yaye masu zane, amma wanda ya ƙware sai ya koma zanen allon talla, ko fastar 'yan siyasa, ko barkwancin jarida. A Amurka tun 1938 ake ba da lambar Caldecott ga mai zanen littafin yara shi kaɗai, ba marubuci ba. A nan gida, kyautar adabi ta kamfanin NLNG mai dala 100,000 tana zagayowa kan littafin yara duk bayan shekara huɗu, sai dai da Ingilishi ake shiga. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta fito da mata marubuta da dama, amma labaran manya ne.

Za a ce ai ƙungiyoyin agaji sun shigo. Gaskiya ne. Shirin RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa, wasu ma masu kyau ƙwarai. Matsalar ita ce aikin kwangila ne. A tara marubuta da masu zane a otal na 'yan kwanaki, a ba su alawus, haƙƙin mallaka ya zama na shirin, wa'adi ya ƙare kowa ya kama gabansa. Yara sun amfana, amma ba a gina wa kowa sana'ar da zai tsufa a cikinta ba.

Abin takaici, kudancin Kano cike yake da labaran da yaro zai so. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, yaron da ya tashi cikin fatauci, ya bi hanyar goro har Gwanja, ya dawo ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. A ƙofar garin nan ne sojojin Turawa suka yi artabu a 1903 kan hanyarsu ta zuwa Kano. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka gina zamanin Audu Baƙo aka gama a 1974, ta isa littafi guda: ina ruwan ke fitowa, yaya yake bin magudana har ya isa gonakin shinkafa na Kadawa? Ga dajin Falgore, ga duwatsun Riruwai da ramukan kuza. Yaron Doguwa na wuce waɗannan abubuwa kullum, amma da wuya ya taɓa ganinsu a shafin littafi, balle ya ga yaro mai kama da shi yana kora shanu a gefensu.

Maganin ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Akasarin abin da ake gani daga irin wannan shela gini ne da kujeru da kayan makaranta, domin su ake iya ɗauka a hoto ranar buɗewa. Ya kamata hukumar SUBEB da ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su ware wani abu a kasafin kowace shekara na sayen littattafan labari na Hausa, su sanar tun da wuri yawan kwafin da za su saya. Marubucin da ya san akwai mai jiran kaya zai zauna ya rubuta, maɗaba'a ma za ta yarda ta buga bashi.

Sharaɗi biyu ne kawai ya kamata a kafa a takardar kwangilar: sunan mai zane ya fito a bango daidai da na marubuci, kuma su biyun su riƙa karɓar kasonsu duk lokacin da aka sake bugu. Malaman firamare na yankin su ne farkon waɗanda za a nema, domin su suka san kalmar da ɗan aji biyu ke tuntuɓe a kanta. Sai kuma a ja kunnen hedimastoci kada su kulle littattafan a kabad don tsoron yara su yaga.