Hoton Dala da Tukunyar Wake

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi ce, amma mun daɗe muna lura da cewa da yawa daga cikinmu sukan dawo da mabuɗin a aljihu ba tare da sun buɗe ko ƙofa ɗaya ba. Idan ɗan'uwanmu ya je Alƙahira, ko don karatu ko neman magani ko taron ƙara wa juna sani, tsarabarsa ba ta wuce abu uku: hoto a gindin Dalar Giza, da jallabiya, da kuma hukunci. Hukuncin nan iri biyu ne. Ko dai ya ce, "Ai mutanen nan sun ci gaba," ko kuwa ya ce, "Ai 'yan damfara ne." Irin wannan labarin tafiya ne ɗalibai suke kawo mana a rubuce, kuma shi muke ji daga bakin malamai 'yan'uwanmu. A ganinmu wannan lalaci ne na ido, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Ba mu wanke kanmu daga wannan laifi ba. Kwanakinmu na farko a birnin mun ƙarar da su ne a bin wuraren da ake kai baƙi. Sai da muka sauka a wata unguwa ta talakawa, muka fito bayan sallar Asuba, sannan muka fara ganin garin. Ga saurayi a kan keke, ya ɗora faifan katako mai tsawo cike da gurasa a ka, yana ratsa motoci da hannu ɗaya. Ga mai wake da kekensa na turawa, ya karkata babbar tukunya mai siririn wuya wadda ta kwana a kan wuta, leburori da ma'aikatan ofis sun kewaye shi suna ci a tsaye. Can sama a bene wata dattijuwa ta zuro kwando da igiya, mai kanti ya ɗauki kuɗi ya saka mata kaya, ta janye abinta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da muka taɓa ji a bakin waɗanda suka riga mu zuwa.

Wani zai ce, to mene ne abin rubutawa game da gurasa? Amsarmu ita ce, wanda bai tambayi labarin gurasar nan ba bai fahimci Masar ba. A Larabcin mutanen ƙasar sunanta aish, wato rayuwa. Gwamnati ce take tallafa wa farashinta, kuma a watan Janairu na 1977, lokacin da gwamnatin Anwar Sadat ta yi yunƙurin janye tallafin kayan abinci, jama'a suka fantsama tituna har sai da aka janye matakin. Gurasar tallafi ta shekara fiye da 30 ana sayar da ita ƙirshi 5, sai a watan Yuni na 2024 aka mai da ita ƙirshi 20. Ke nan abin da saurayin nan yake ɗauke da shi a ka yarjejeniya ce tsakanin mai mulki da talaka. Matafiyin da ya ci gurasar, ya yaba arharta, ya wuce, ya yi kallon kitse ga rogo.

Bari mu ɗauki masu hukunci na farko, wato 'yan "sun ci gaba". Babbar hujjarsu ita ce jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, na farko a nahiyar Afirka. Mun shige shi, mun ga taragun da aka keɓe wa mata, kuma ba mu raina aikin ba. Amma da mai yabon ya sauka ya nufi gindin dutsen Muƙaɗɗam, da ya tarar da unguwar Manshiyat Nasir, inda masu kwasar shara, waɗanda ake kira zabbalin, suke tsince bolar birnin a ƙofar gidajensu. Da ya ƙara gaba, da ya ga tsohuwar maƙabartar Ƙarafa, inda iyalai suka daɗe suna zaune a tsakanin kaburbura saboda tsadar muhalli. Yabon da ya tsallake waɗannan mutane rabin gaskiya ne, kuma amfaninsa kawai shi ne a dawo gida a zagi ƙasarmu.

Masu hukunci na biyu su ma suna da abin kamawa. Gaskiya ne direban tasi ya taɓa ninka mana kuɗi da ya ji harshenmu, kuma gaskiya ne yara sun bi mu da tsokana saboda launin fatarmu. Ba za mu rufe wannan ba, domin ya yi mana ciwo. Sai dai direba ɗaya da yara biyar ba su isa su zama ma'aunin birnin da, tare da kewayensa, yake ɗauke da mutane fiye da miliyan 20 ba. A ranar da aka tsokane mu, a ranar ce wani mai sayar da tsofaffin littattafai a Azbakiyya ya ajiye cinikinsa ya zaga da mu rumfa-rumfa neman littafin da ba shi da shi. Marubucin kirki yakan saka mutanen biyu a shafi ɗaya, ya bar mai karatu ya auna.

Mun san uzurin da ɗalibanmu na can sukan kawo, cewa karatu suka je yi ba yawon titi ba. To, su ji wannan. Kusa da Jami'ul Azhar, a gefen kasuwar Khan Khalili, akwai wani ɗan lungu da ake kira Midaƙ. A kansa Najib Mahfuz, wanda aka haifa a unguwar Jamaliyya a 1911, ya gina littafin da ya fitar a 1947, da mai gidan shayinsa da wanzaminsa da masu gasa gurasarsa. Wannan kallo na lungu da saƙo yana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1988, marubucin Larabci na farko da ya same ta. Ɗalibanmu suna gifta bakin lungun nan kullum, kansu a sunkuye. Kuma zuwanmu birnin ba sabon abu ba ne, domin tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi masauki a Alƙahira don ɗalibai da alhazan ƙasarsu. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta mana littafi. Mu da jirgi yake kai mu cikin sa'o'i kaɗan, ina namu shafukan?

Dalilin da ya sa wannan magana ta dame mu a wannan sashe shi ne, mu ma baƙi ne a inda muke. Muna koyar da Hausa nesa da ƙasar Hausa, kuma mun san zafin a taƙaita mutum da kalma biyu, a ce masa mai gadi ko mai goro. Idan har muna jin haushin wanda ya ratsa Sabon Ibadan ko Agege bai ga komai ba sai shanu da tabarmar salla, ba mu da bakin yi wa Misirawa irin wannan. Haka kuma idon da ya kasa ganin mai wake a Alƙahira ba zai ga mai sayar da amala a bakin ƙofar jami'armu ba.

Saboda haka kiranmu ga duk wanda zai kawo labarin tafiya ga wannan mujalla shi ne ya bar mana hoton Dala a akwatinsa. Ya gaya mana abin da talakan garin yake karya kumallo da shi, da nawa yake saye, da yadda yake zuwa wurin aiki, da inda shararsa take ƙarewa, da wanda yake kwashe ta. Idan bai san amsa ba, ya zauna a teburin mai shayi ya yi tambaya. Hukunci kuwa ya jinkirta shi sai ya cika littafin aljihunsa.