"Je ka sa Windows kawai" ba amsa ba ce

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, don abin ya daɗe yana cina.

Makon jiya na tura wa malamin da ke duba kundin digirina na biyu babi na uku. Daga Kontagora na tura, kwana biyu sai ga kira: "Malam, me ka turo min haka? Teburori sun hau kan juna, shafi 41 ya koma 44." Na ce Dokta a gafarce ni, zan duba. Da na shiga makaranta na bi ta shagon buga takardu na bakin get, yaron shagon ya leƙa allon laftof ɗina, ya ga ba Windows ba ce, sai ya yi dariya: "Oga, ai ga matsalar nan. Wannan abin na masu kutse ne. Kawo in yi maka fomat in sa maka Windows da Office, har SPSS sai in ƙara maka kyauta."

Kyauta fa. Wato na sata.

To ga abin da ya faru a zahiri. A LibreOffice na yi rubutun, kan Linux Mint. Ƙa'idar sashenmu Times New Roman, shi kuma wannan salon harafi ba ya zuwa da Linux saboda lasisinsa. Ban lura ba ashe wasu teburorin sun ɗauki wani salon daban wanda babu shi a kwamfutar Dokta, Word ya musanya shi da mai faɗi, layuka suka zame. Na sauke ttf-mscorefonts-installer, na mayar da komai Times New Roman, na tura docx haɗe da PDF. Minti goma. Shafi 41 ya dawo 41. Aikin minti goma ne ake so in share kwamfuta gaba ɗaya saboda shi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun mayar da rashin bincike ya zama shawara. Ko me ya samu kwamfuta, fomat. Wi-Fi ya ƙi kamawa, fomat. Firinta ta ƙi gani, fomat. Kamar mai maganin da ko ciwon kai ka kai masa ko karaya, jiƙo ɗaya zai ba ka. Kuma wai a jami'a muke, inda aka tara mu don mu koyi tambayar "me ya jawo?"

Masu cewa Linux kayan 'yan kutse ne, wayar Android da kuke karanta wannan rubutu da ita a kan ƙwayar Linux take tafiya. MacBook ɗin da ake yi mana yanga da ita, tsarinta daga zuriyar Unix yake, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a 1969. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, tun daga ƙarshen 2017 dukkansu Linux suke amfani da shi. Wanda ya fara rubuta shi a 1991, Linus Torvalds, ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki, bai ma kai shekaruna na yanzu ba. Da a wajenmu yake, da tuni an ce masa ya daina wahalar da kansa ya je a yi masa fomat.

Yanzu ga maganar da ta shafi aljihunmu. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 yadda ta saba. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama. Ku duba laftof ɗin ajinku. Yawancinmu 'yan gwanjo muke riƙe da su, na ƙarni na huɗu, na biyar, na shida. Tawa EliteBook 840 G3 ce, ƙarni na shida, ba ta cikin jerin. Lafiyarta ƙalau, batirinta na riƙe min wuta in an ɗauke, wanda duk mazaunin Kontagora ya san ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka zaɓi uku gare ni: in sayi sabuwa da kuɗin da ban da su, in zauna kan tsarin da aka daina toshe ramukansa, ko in sa Linux. Ubuntu 24.04 na da tallafin shekara biyar, kyauta ta halal. Wanne mai hankali zai ɗauka?

Kuma kar a ce zama kan tsohon tsari ba komai. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila sai da suka tsaya, kuma waɗanda ba su sabunta ba ta fi ci. Mu nan ba sai mun je Ingila ba. Wa bai san bairos ɗin filash da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ba? Wata 'yar ajinmu har kuka ta yi bara, tana zaton babi na huɗu ya tafi. Na soka filash ɗin a laftof ɗina, ga fayilolinta nan a ɓoye ba abin da ya taɓa su, domin wannan bairos ɗin ba ya aiki a Linux.

Ba zan yi muku ƙarya in ce babu wahala ba. Akwai. Wasu katunan Wi-Fi, musamman na Broadcom a tsofaffin laftof, sai ka sa musu direba da hannu: ka buga lspci ka ga sunan katin, ka jona waya da kebul ka ba kwamfutar intanet, ka shiga Driver Manager. Wani lokaci Secure Boot ne ke hana direban tashi. In ka haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, agogo zai riƙa sauyawa da awa ɗaya har sai ka gyara da timedatectl, kuma in ba ka kashe Fast Startup ba, Linux zai ƙi rubutu a ɓangaren Windows. Wasu firintoci sai an sha fama. Mai karatun zanen gini da dole sai AutoCAD, ko mai cin abinci da Photoshop, ban ce ya sauya ba. Amma duk waɗannan matsaloli suna da suna, suna da dalili, suna da magani. Wanda ya warware ɗaya ya ƙaru da abin da fomat ɗari ba za su koya masa ba.

Maganar SPSS ita ta fi yi min ciwo. Ana cewa dole sai da shi za ka yi nazarin alƙaluma, alhali kowa ya san ba wanda ya sayi lasisi a ajin. Muna rubuta sashen ladubban bincike a babi na uku da manhajar sata, a kuma tantance mu kan satar fasaha da Turnitin. Haba jama'a! Ga R, ga jamovi, ga JASP, ga PSPP, duk kyauta. Ukun ƙarshe suna buɗe fayil ɗin .sav kai tsaye, kuma gwajin t ko ANOVA ba ya sauya amsa don an sauya manhaja. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya sun daɗe a kai. Su da suke da kuɗin lasisi ke nan.

Ga malamanmu, cikin girmamawa, roƙo uku. A karɓi PDF wajen duba tsarin shafi. A rubuta a ƙa'idar kundi cewa kowace manhajar lissafi ta halatta, muddin ɗalibi ya faɗi sunanta da sigarta. A daina tura ɗalibi shago a sa masa kayan sata da sunan sharaɗin karatu.

Ga 'yan uwana ɗalibai kuma, ba sai kun share komai ba. A sa Linux Mint a filash mai gig 8, a tayar da kwamfuta daga kansa, a gwada Wi-Fi da sauti da firinta. In bai yi ba, a zare filash, Windows na nan yadda aka bar ta. Har allon rubutun Hausa akwai a ciki, mai ɓ da ɗ da ƙ, ba sai an sauke komai ba.

Ina gida Kontagora har ƙarshen wata. Duk wanda laftof ɗinsa ta ƙi Windows 11, ya kwafe fayilolinsa tukuna, sannan ya yi min magana ta inbox. Ba na karɓar ko sisi. Masu fomat kuma, ga fili nan a ƙasa, ku zo da hujja.