Mu Zaga Duniya: Ƙauye Ƙarami, Suna Dogo

Masu karatu, a wannan wata za mu leƙa ƙasar Wales, yamma da Ingila, mu ga wani ƙauye da ake kira Llanfihangel-y-Pennant. Kada tsawon sunan ya firgita ku. In an yanka shi gunduwa-gunduwa, shi da kansa zai gaya muku inda ƙauyen yake.

A harshen mutanen Wales, "llan" asalinsa fili ne da aka kewaye da shinge, irin wanda masu bi na dā suke gina ɗakin sujada a ciki. A kwana a tashi, kalmar ta koma nufin majami'ar da ƙauyen duka. "Fihangel" kuwa Mika'ilu ne, babban mala'ika. Su Mihangel suke ce masa, amma harshen nasu yana da wata al'ada mai wahalar da baƙo, wato harafin farko na kalma yakan sauya in ta bi bayan wata. "Pen" kai ne, "nant" kuwa kwari. Ashe ma'anarsa Majami'ar Mika'ilu da take can saman kwari. Garuruwa masu suna Llanfihangel suna da yawa a ƙasar, shi ya sa aka ƙara "Pennant" domin a bambanta. Duk da haka akwai takwaransa can arewa, wajen Porthmadog.

Sunan bai yi ƙarya ba. Ƙauyen yana saman kwarin Dysynni, a gindin dutsen Cadair Idris mai tsawon mita 893, ƙasar kiwon tumaki. Kusa da shi akwai kangon fadar yaƙi wadda Sarki Llywelyn ya fara ginawa a 1221.

Sai ka san tuddan nan za ka gane abin da Mary Jones ta yi. Yarinyar ƙauyen ce, 'yar masaƙi. Shekara shida tana tara kuɗi, sa'an nan a 1800, tana da shekara 15, ta haye tuddan ba takalmi, wajen mil 26, zuwa garin Bala, ta sayi Littafi Mai Tsarki na harshenta a wurin Thomas Charles. Ƙarancin littattafan ya dami mutumin nan ƙwarai, har ya kai kuka Landan, aka kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya a 1804. Ita ce ta buga namu na Hausa a 1932.

Gidan su Mary ya rushe, amma an kafa dutsen tunawa a tsakiyar kangon.