Tsohuwar Kwamfuta A Ɗakin Gyaran Kayan Tarihi

A watan Oktoba na 2023 ɓarayin intanet suka kutsa cikin kwamfutocin babban ɗakin karatu na Ingila, suka kwashe bayanai, suka nemi kuɗin fansa. Aka ƙi biya, aka yi watanni ana fama. Rahoton hukumar ɗakin na Maris 2024 ya ce tsofaffin manhajoji sun ƙara tsananta ɓarnar.

To, a ɗakunan da ake gyaran tsofaffin littattafai da kayan tarihi, akwai na'urorin bincike masu tsada waɗanda ba sa aiki sai da Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 2014. Jami'an kwamfuta su ce a jefar, masu gyara su ce a sakar musu mara.

Duka biyu ba su kyauta ba. A bar na'urar, amma a raba ta da intanet, a keɓe mata filashi guda, a riƙa adana hotunan aikin wuri biyu.

Gidajen tarihinmu, daga Onikan a Ikko har Gidan Makama a Kano, lalle su shafa wa gemunsu ruwa.